Takardar Sautu A Kasuwar Alƙahira

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2024 wani dattijo mutumin Katsina, wanda ya yi shekara 35 yana koyar da Arabiyya a makarantun firamare kafin ya ajiye aiki, ya sauka a birnin Alƙahira na ƙasar Masar neman maganin ido. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, hawan jinin ido ya cinye shi. Na daman kuwa yana ta rufe shi, har ta kai ba ya shaida mutum sai ya yi magana. Aikin cire yana sananne ne a asibitocin ƙasar nan, amma da yake ido ɗaya tak ya rage, sai 'ya'yansa suka dage lalle a fita da shi waje. Aka sayar da gonar gado, dangi da maƙwabta suka yi karo-karo, aka ɗora shi a jirgin sama a Kano, bayan kimanin awa huɗu sai ga shi a hannun ɗan ƙanwarsa, wanda ke karatu a Jami'ar Azhar.

Ran Alhamis likita ya duba shi, bai kuwa ɓoye masa kome ba. Ya ce cire yanar aikin 'yan mintoci ne, amma ciwon da ya kashe idon hagu ya taɓa jijiyar na daman, ba kuma wanda zai san iyakar ɓarnar sai an ɗage yanar an gani. Aka sa masa ranar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aiki a can. Watau dai Malam yana da Jumma'a guda a hannunsa wadda ya tabbata zai ga ɗan abin da ya samu, ko da dishi-dishi ne.

Da daddare saurayin ya ce, "Kawu, gobe sai ka huta. Akwai masallaci nan ƙasan bene, ba sai mun yi nisa ba."

Malam ya ce, "Ɗan nan, tun ina almajiri nake jin sunan Azhar a bakin malamina, shi ma ji ya yi bai gani ba har Allah ya karɓi ransa. Yanzu in zo har bakin rijiya in koma da ƙishirwa? Gobe can za mu. In an sauko kuma ka kai ni kasuwa, ina da sautu."

Ya laluba aljihu ya fito da wata takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta, ta sha ninki har ta fara yagewa. Saurayin ya ƙirga, abu 23 ne aka jera, da sunan kowa a gefe: jallabiya, mayafi, carbi, kwalli, turaren wuta, man habbatus sauda, darduma, har da mai son agogon bango. A cikin mutum 23 ɗin nan uku ne kaɗai suka ba da kuɗinsu. Ran yaron ya ɓaci, amma ya haɗiye, domin ba a yi wa babba musu da dare.

Safiyar Jumma'a ita ce lokacin da Alƙahira ke numfasawa. Titunan da kullum ke cushe da motoci da ƙarar ham sai suka zama fayau, tasi ta bi da su ta hanyar Salah Salim, ta gefen tsohuwar maƙabartar nan mai ƙubbobin sarakunan Mamluka, ta sauke su a titin Azhar tun hantsi. Sun yi sammako ne domin a can ba a jan sallar Jumma'a zuwa ƙarfe biyu kamar yadda aka saba a garuruwan Hausa. Rana na gotawa ake kiran salla, a wannan watan ma kafin sha biyu ta cika.

Ba su karya kumallo ba, saboda haka suka tsaya wurin wani mai amalanke da ya kafa wata doguwar tukunyar ƙarfe mai ƙaramin baki. A cikinta ful ne, wani babban wake da ake dafawa kwana guda a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yi lugub, sa'an nan a zuba masa mai da gishiri da lemun tsami. A gefe ana tuyar ta'amiya. Malam ya gutsura, ya tauna, ya ce, "Af, ashe ƙosai ne!" Ƙosan ne kuwa, sai dai nasu da wannan babban waken ake yi, ana niƙa shi da ɗanyen ganye har cikinsa ya yi kore, a barbaɗa riɗi a bayansa. Abin haɗinsa wata gurasa ce mai faɗin tafin hannu biyu. Malam ya buɗe baki da Larabcin littafi ya nemi a ƙara masa "hubzu", sai mai abincin ya bushe da dariya ya ce, "Allah, Allah, ya Maulana!" Ya gaya masa su a nan "aish" suke cewa, ma'anarsa kuwa rayuwa.

Sunan bai faɗi a banza ba. Gurasar nan ita ce ƙashin bayan talakan Masar, gwamnati ce ke tallafa wa farashinta. A watan Janairu na 1977, zamanin Shugaba Anwar Sadat, da aka yi yunƙurin janye tallafin kayan abinci, jama'a suka yi bore har sai da aka janye maganar. Ta tallafi ta yi fiye da shekara 30 ana sayar da ita kwabo 5 na kuɗinsu, sai a watan Yuni na 2024 aka mai da ita 20. A watan Maris na shekarar kuma aka saki fam ɗin Masar ya faɗi warwas, kamar yadda aka yi wa naira a 2023. Da saurayin ya fassara masa wannan bayani, Malam ya kaɗa kai ya ce ashe ciwon ɗaya ne, kowa da irin nishinsa. Duk da haka fam ɗaya ya haura naira 30 a lokacin, ko wace loma ya kai baki sai ya buga lissafinta da kuɗin gida.

Suka nufi masallaci. Azhar ya girmi duk wata jami'a da Bahaushe ya taɓa ji a ƙasarsa da ɗaruruwan shekaru. Jauhar, sarkin yaƙin Fatimiyyawa wanda ya kafa birnin Alƙahira a 969, shi ya fara gininsa a 970, aka yi Jumma'ar farko a cikinsa a 972. Babbar ƙofarsa ana kiranta Ƙofar Wanzamai, domin a zamanin da, a nan ɗaliban da ke zaune a masallacin suke yin aski. Da suka shiga farfajiya, hasken farin dutsen da aka shimfiɗa ya doki idon Malam, ya ɗaga kai sama ya daɗe yana ƙyafta ido, sa'an nan ya kama hannun yaron.

"Ɗan nan, abin nan ya ƙaru. Hasumiya ɗaya nake kallo, amma kai biyu nake gani."

"A'a Kawu, idonka gaskiya ya gaya maka. Hasumiyar Sarki Guri ce, da kai biyu aka gina ta."

Malam ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce to alhamdu lillahi, ashe da sauran amana tsakaninsa da idon.

Abin da ya sa wurin nan ya zama kamar gida ga almajirin ƙasar Hausa shi ne littattafan zaure. Ishmawi da Iziyya da yaro ke somawa da su, da Muhtasar na Shaihu Halilu da ake ƙure fiƙihu da shi, duk malaman Masar ne suka wallafa su. Tafsirin Jalalaini da ake ja a kowane gari da azumi, aikin Jalaluddini biyu ne, Mahalli da Suyuɗi, dukansu mutanen Alƙahira. Shi Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan ƙasar Tukururu, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Tun kafin wannan ma, a ƙarni na 13, mutanen Kanem sun kashe dukiya an gina makaranta da masauki a Masar domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma Barebari suka sami sashensu na kwana da karatu a cikin Azhar ɗin kansa. Waɗancan a ƙafa da raƙumi suka ratsa Sahara, wata da watanni. Malam ya dafa wani ginshiƙi, ya ce wa yaron ko da wane malami ya jingina da shi yana ba da karatu, Allah kaɗai ya sani.

Kafin lokaci ya yi masallaci ya cika maƙil. Ga Larabawa, ga mutanen Indunisiya da Malesiya, ga Turkawa, ga baƙaƙen fata daga Sanagal har Somaliya, ga malaman Azhar da jar dara da farin rawani. Al'adar Masar ce wani gwani ya zauna ya yi tilawa kafin kiran salla, yana ja yana tsayawa, jama'a na amsawa da ambaton Allah. Ƙira'ar Hafsu yake yi, Malam kuwa da Warshu ya tashi, amma bai hana shi bin karatun a zuci ba, yana lura da inda suka rabu da inda suka haɗu. Liman ya hau mumbari ya yi huɗuba da Larabci tsantsa. A nan ne tsohon malamin firamare ya sami kansa, domin tun saukarsa garin ba ya gane maganar 'yan tasi da 'yan kasuwa, masu mai da jimun zuwa "ga" har Jumma'a ta koma "Gum'a", amma huɗubar nan ko kalma ɗaya ba ta wuce shi ba.

Aka ta da salla. Malam ya saki hannuwansa kamar yadda ya gada, na damansa ya yi ƙabalu a ƙirji, na hagunsa a ƙasan cibiya. Aka sallame, na daman ya miƙo masa hannu da addu'a, na hagun ya tallafe shi ya miƙe, ya kuma nemo masa sandarsa. Ba wanda ya dubi hannun wani. Dattijon da ya ga yadda wannan magana ta raba masallatai, ta raba wa da ƙane a garinsu, ya yi shiru bai ce kome ba, sai da suka fito ya ce wa yaron, "Ka gani ko? In ka koma gida ka riƙa faɗa." Abin da ya roƙa a sujadarsa ta ƙarshe, wadda ya daɗe bai ɗago ba, bai gaya wa kowa ba.

Daga nan suka bi hanyar ƙarƙashin ƙasa suka ɓulla ɗaya gefen titi, filin masallacin Sayyidina Husaini, inda mutanen Masar suka yi imani an binne kan jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Filin ya zama kasuwa. Ga mai gasa dankali a tanderun amalanke, ga masu tatsar rake a inji suna miƙa ruwansa da kumfa a kofi. Wani mai sayar da abin sha ya jera manyan kwalabe uku, ja da baƙi-baƙi da ruwan ƙasa. Malam ya ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya: na farko zoɓo, su suna ce masa karkade, na biyu tsamiya, na uku kuwa, da ya kurɓa, sai ya tsaya cak, domin goruba ce aka jiƙa aka sa mata sukari. Ya ce, "Ikon Allah! Gorubar da yara ke gwagwiya a bakin hanya, ita ce ta zo nan ta yi sarauta." Abincin rana kuwa koshari suka ci, shinkafa da taliya da wani ƙanƙanin wake mai suna adas a kwano ɗaya, an kwarara miyar tumatir da soyayyar albasa, ga ruwan tafarnuwa da na barkono a gefe. Babu nama ko tsoka ɗaya, amma mutum zai yini bai nemi wani abu ba.

A kan kwanon nan ne yaron ya kasa haƙuri. Ya ce, "Kawu, ka gafarce ni. Mutanen nan sun san jinya ka zo, sun san gona aka sayar. Wanda ba ya ganin gabansa ne za a ɗora wa agogon bango? Ni da za ka bi tawa, mu sayi na mutum ukun da suka ba da kuɗi, sauran a ba su haƙuri."

Malam ya ajiye cokali. Ya ce, "Karanto mini sunayen." Yaron ya karanta, shi kuwa yana faɗin abin da kowa ya yi: wannan ta kawo naira dubu biyu a ƙulle a bakin zane, wancan ya ba da tiya biyu ta gero aka bar wa iyali, wannan shi ya ɗauki akwati a ka har tasha. Sa'an nan ya ce, "Ran da zan taho, masu zuwa sallama iri biyu ne. Akwai waɗanda suka zo suna share hawaye suna cewa in yafe musu. Akwai waɗanda suka ce, Malam, in za ka dawo ka taho mini da kaza. Ka san waɗanda suka ƙarfafa mini zuciya? Ba wanda ke ba da sautu ga mutumin da ya fid da ran dawowarsa. Takardar nan da kake gani, mutum 23 ne suka sa hannu a kan zan komo, kuma zan komo ina gane baƙi da fari." Saurayin ya sunkuyar da kai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi, ko da kuwa babban ido ɗaya gare shi.

Suka kutsa Han Halili, kasuwar da wani bafade mai suna Jarkas Halili ya kafa a ƙarshen ƙarni na 14, Sarki Guri ya sake gina ta a 1511. Lunguna ne ƙunci-ƙunci, ga layin maƙeran zinariya, ga na masu tagulla, ga na masu turare da kayan yaji da ƙamshinsu ke riga su fitowa titi. Yaron ya san farashin nan na baƙi masu yawon buɗe ido ne, sai ya ja shi zuwa titin Muski da Guriyya, inda 'yan gari ke sayen tufafi.

Aka fara da amana, watau kayan masu kuɗi. Mafi wuya ita ce jallabiyar maƙwabcinsa mai gyaran keke, ƙaƙƙarfan mutumin nan da ya ɗaukar masa akwati, wanda ya ce fara yake so ta auduga zalla, da ita zai je Idi. Mai kanti ya zaro wata yana rantsuwa audugar Masar ce. Malam bai ko kai ta kusa da ido ba, ya murza ta tsakanin yatsu, ya mayar, ya ce da Larabcinsa na littafi, "Ya ɗan'uwana, na tsinci auduga a gonar mahaifina tun ban yi kaciya ba. Wannan rabinta roba ce." Mai kanti ya yi murmushi, ya shiga ciki ya fito da wata. Ita ce. Aka shiga ciniki. Ya ce fam 900, Malam ya taya 300, mutumin ya dafe ƙirji kamar an soke shi, ya kirawo shayi. Aka sha, aka yi hirar Nijeriya da ƙwallon ƙafa, Malam ya miƙe kamar zai tafi, aka riƙo hannun rigarsa. A fam 500 aka sallama. Wanda ya saba da Kasuwar Kurmi ko ta Jibiya ba ya ɓata a nan. Harshe ne ya bambanta, dabarar ɗaya ce.

Sauran 20 ɗin kuwa, ba kowa ya sami abin da ya rubuta ba, amma ba wanda aka tsallake. Aka sayi carbi dozin guda, da ƙananan kwalaben man habbatus sauda, da kwalli, da turaren wuta da za a kasa. Mai agogon bango ya sami hula. Uwargidan Malam ba ta cikin takardar, domin da ya tambaye ta cewa ta yi ita ba ta son kome sai ya dawo ya gane ta daga nesa. Ita ya saya wa mayafi shuɗi, ya sa yaron ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa har ya tabbata shuɗin ne da idonsa.

La'asar ta yi, suka koma Azhar suka yi salla, kana suka zaga lungunan bayan masallacin inda masu sayar da littattafai suke. Tun zamanin da, in aka ce littafi bugun Misira ne, to an gama yabonsa a zaurukan ƙasar Hausa. Malam ya nemi Jalalaini mai manyan baƙaƙe. Aka sauko masa da shi, ƙato, mai nauyi. Ya buɗe, ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa takarda, bai ga kome ba sai layuka baƙaƙe kamar jerin tururuwa. Kuɗin da ya rage a aljihun tsaraba kuwa na alkyabbar da ya yi niyyar saya wa kansa ne, bai kuma yarda a taɓa ambulan ɗin asibiti ba.

Yaron ya ce a hankali, "Kawu, ko mu bari sai bayan Lahadi? In an kwance bandeji sai mu dawo..." Bai ƙarasa ba, amma dukansu sun san abin da ya rage a bakinsa.

Malam ya ce, "Na ji abin da ba ka faɗa ba. In Allah ya buɗe, in karanta da kaina. In bai buɗe ba, ina da jika da ta sauke, sai ta ja mini baƙi ni in fassara, ai yawancinsa yana ka. Alkyabba kuwa, wa zan yi wa ado? Biya shi." Ko tayi bai yi ba, ya ce ba a jayayya a kan kuɗin littafi. Mai kantin da ya ji labarin aikin Lahadi ya rage masa wani abu don kansa, ya kuma yi masa addu'a. Da magariba ta kawo kai, hasumiyoyi suka ɗauki kiran salla daga kowace kusurwa, tsoho da yaro suka fito titi, ɗaya rungume da littafi, ɗaya da jakunkuna biyu.

Ran Lahadi aka yi aiki. Da aka buɗe idon, abin ya zo tsaka-tsaki, kamar yadda likita ya yi hasashe: yana ta tafi, tsakiyar gani ta washe, amma gefe da gefe ya tafi ke nan, kuma zai riƙa ɗiga magani har iyakar rayuwarsa. Yana gane fuska, yana karanta manyan baƙaƙe da tabarau, in ya yi rabin shafi ido ya gaji sai jikar ta karɓa.

Ya koma Katsina bayan mako uku. Aka cika zaure ana barka da zuwa, ya sa aka buɗe jaka, ya fito da takardarsa, wannan karon shi da kansa yake karanta sunaye yana miƙawa. Da ya zo kan mai gyaran keke sai zauren ya yi tsit. Ashe kwana tara da tafiyar Malam mutumin ya kwanta zazzaɓi na kwana biyu, Allah ya yi masa cikawa, aka ɓoye wa Malam don kada hankalinsa ya tashi ga ido ɗanye. Dattijon ya yi salati, ya daɗe riƙe da farar jallabiyar a cinyarsa. Sa'an nan ya aika aka kira babban ɗan mamacin, ya danƙa masa ita tare da canjin da ya rage na kuɗin mahaifinsa, ya ce a sa a cikin kayan gado. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, shi kuma Malam Allah ya ƙara masa lafiya, amin.